Kafin Damina Ta Riga Mu: Aikin Gidajen Ƙasa na Birni da Zango

12 ga Fabrairu, 2024

Malamai, ɗalibai, ma'aikata da iyayenmu na cikin gari, assalamu alaikum. Tun da aka ɗora mini jagorancin wannan tsangaya na saba rubuto muku abin da ake ciki lokaci zuwa lokaci: ranakun jarrabawa, waɗanda suka kammala, ajin da aka gyara, baƙin da suka ziyarce mu. Bana akwai aiki guda da nake so in riƙa rubuta shi daban, da kwanan wata, yadda yake tafiya, da daɗinsa da wuyarsa.

Ɗalibanmu na tarihi da na labarin ƙasa, tare da wasu ƴan uwansu masu karatun tsara birane, za su shiga unguwannin Birni da Zango na garinmu Zinder gida-gida. Za su auna tsofaffin gidajen ƙasa, su ɗauki hotuna, su zana fasalin kowane gida, sannan su zauna gaban magina su rubuta yadda ake wannan gini daga bakin masu yin sa. Ɗalibai 24 ne suka ba da sunayensu, 9 daga ciki mata.

Tun 2006 tsohon garin Zinder, wato unguwar Birni da fadar Sarkin Damagaram, yake cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO tana fatan a sa su cikin kayan tarihi na duniya. Agadas ta samu shiga a 2013, mu har yau muna jira. Amma tsakani da Allah ba wannan ne ya tashe ni tsaye ba. Watan jiya na bi ta wani lungu a Birni da nake ratsawa ina yaro idan an aike ni. Na nemi wani soro mai zane a goshi da zankwaye a kansa, wanda da shi muke kwatance a lokacin, sai na tarar da bangon bulo da ƙofar ƙarfe. Na tambayi samarin da ke shan shayi a wurin, babu wanda ya tuna kamanninsa. Marigayi André Salifou, ɗan garin nan da ya rasu a 2022, ya rubuta mana tarihin Damagaram na ƙarni na 19, da sarakunanta da yaƙe-yaƙenta da fataucinta. Ɗakunan da aka zauna aka yi wannan tarihi su ne ke narkewa ɗaya bayan ɗaya, jami'a kuwa tana nan cikin gari ɗaya da su.

26 ga Fabrairu, 2024

Ba a shiga Birni da igiyar awo ba tare da an yi sallama a fada ba. Mun je ni da malamai biyu, muka tuɓe takalma, muka yi gaisuwa, muka faɗi abin da ke tafe da mu. Manyan fada sun karɓe mu hannu bibbiyu, suka haɗa mu da masu unguwanni. Ɗaya daga cikinsu, dattijo mai magana a hankali, ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce, "Malam, aikinku na alheri ne. Sai dai yaranka maza iyakarsu zaure. Wa zai shiga daga ciki?"

Ban auna wannan yadda ya kamata ba. Na raba ɗaliban ne bisa fannin karatunsu, har wasu rukunai suka tashi ba mace ko ɗaya. A daren muka sake rabo: rukuni shida, kowanne da mace aƙalla ɗaya. Maza za su auna zaure da shigifa da bangon waje. Mata su ne za su yi sallama cikin gida, su gaida uwargida, su nemi izini. Ba a ɗaukar hoton mutum, ko gadonsa, ko jeren ɗakinsa, sai ya yarda. Ba ma rubuta sunan mai gida a takardunmu, lamba muke ba kowane gida.

Dattijon ya ƙara jan kunnenmu a kan abu ɗaya. Ya ce talaka in ya ga ana auna bangonsa, abu biyu ke faɗo masa a rai, haraji ko rusau. Ya ɗauki alkawarin zai riƙa tura yaronsa gabanmu kwana ɗaya kafin mu isa kowane lungu.

9 ga Maris, 2024

Yau muka yi zaman farko da tsohon maginin da masu unguwa suka nuna mana. Ya haura shekara 70, gini gadon gidansu ne, kowa Baba yake ce masa, mu ma haka. Ya ƙi zuwa jami'a, ya ce mu same shi bakin ramin da yake ɗibar ƙasa. Ɗaliban suka shimfiɗa tabarmi, suka buɗe littattafai. Bai ce komai ba sai da ya damƙo ƙasa, ya jiƙa ta, ya murza, ya sa wa kowannensu a tafin hannu.

Abin da muka rubuto ga shi a taƙaice, ko da yake taƙaitawar tana rage masa armashi. Ba kowace ƙasa ke gini ba, wadda yashi ya yi wa yawa ba ta kamawa, wadda yumɓu ya yi wa yawa kuma tsagewa take in ta bushe. Ana cuɗa ta da busasshiyar ciyawa da kashin doki ko na jaki, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu, a sake jiƙawa a sake tattakewa, har sai ta nuna. Tubali da hannu ake mulmula shi, gindi faffaɗa kai tsini, a shanya shi a rana ya bushe sarai. Wajen ɗorawa gindin ke ƙasa, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bango yana farawa da kauri, yana sirancewa yayin da yake tashi, kuma ba a ɗora masa fiye da abin da zai iya ɗauka a yini, sai an jira na jiya ya sha iska.

Da aka zo rufi sai muryar Baba ta canza. Azara daga giginya ake tsaga ta, kuma namijin giginya aka fi so, don gara ba ta cin sa. Amma azara ba ta wuce kamar mita biyu ba tare da ta lanƙwashe ba, shi ya sa ɗakunan talakawa suke ƙanana. Mai son soro faffaɗa sai an yi masa baka: a riƙa fito da azara daga bango biyu, mataki-mataki, ana ɗaurewa ana lulluɓewa da ƙasa, har su haɗu a sama. In bakuna suka gitta juna, shi ne ɗaurin guga da muke ɗaga kai muna kallo a manyan zauruka ba mu san wahalarsa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai maganar yaɓen waje ce. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samun ta, a jiƙa, a kwaɓa da ita, ruwa ya riƙa zamewa a kan bango. Laso kuwa, wanda ya fi ta ƙarfi, haɗin abu uku ne: katsi daga gindin rijiyar marina, gashi daga majema, da yauƙin dafara daga daji. Ashe bango ɗaya sana'a huɗu ke riƙe da shi, magini da marini da majemi da mutumin ƙauye. Baba ya ce tun da marina suka ja baya katsi ya zama abin nema. Wanda ya ce ginin ƙasa ya lalace don magina sun yi lalaci bai bi sawun maganar ba.

Wani ɗalibi ya ɗaga hannu kamar yana aji. "Baba, ruwa bokiti nawa ake zubawa?" Baba ya dube shi ya ce, "Ɗana, tuɓe takalminka ka shigo." Yaron ya naɗe wando ya shiga cikin kwaɓin, ya yi ta tattakawa har Baba ya ce, "To, ka ji ta? Yanzu ta nuna." A takardar tambayoyin da na tsara akwai gurbin da aka ce a rubuta yawan ruwa. Mun bar shi fayau. Daga yau duk zama da Baba sai an ɗauki bidiyonsa, kuma duk ɗalibin da ke cikin aikin nan sai ya shiga kwaɓi da ƙafarsa.

2 ga Afrilu, 2024

Azumi ya haɗu da zafi mai tsanani bana, mun dakatar da fita har bayan Sallah. Jarrabawar zangon farko an maida ita sassafe. Ina godiya ga maƙwabtanmu da ke aiko da kunu da ƙosai kowace yamma ga ɗaliban da suka zo daga Tanut da Gure da Magarya, waɗanda ba su da kowa a gari. Allah ya saka da alheri.

Wata ɗaliba ta gaya mini cewa tun da aka shiga zafin nan ta koma yin bitarta a zauren wani gida da suka auna a Zango, da izinin uwargidan, don ɗakinta mai rufin kwano ba ya zaunuwa da rana. Na ce ta rubuta wannan ma a cikin rahotonta.

6 ga Mayu, 2024

Mun kammala gida 14, tara a Birni, biyar a Zango. Gidajen Zango suna ba da labarin fatake, don can ayarin Arewa ke sauka tun zamanin su attajiri Malam Yaro, kuma za ka ga zaurukan baƙi da ɗakunan ajiya da ba ka gani a Birni. Rukuni ɗaya ya bi ragowar ganuwar da ake dangantawa da Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki har 1884. A wurare da yawa tudu ne kawai ya rage, yara suna wasa a kai.

Da muka jera takardun gidajen a kan teburi, abu ɗaya ya yi ta maimaita kansa: bangon ƙasa daga gindi yake mutuwa. Mun tarar da gidaje da dama da aka shafe da siminti don a kare su, da kyakkyawar niyya. Simintin yana tsagewa, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, ƙasar ta yi ta jiƙa a ɓoye. Ka ƙwanƙwasa da yatsa ka ji kamar ganga. A wasu lungunan kuma hanya ta yi ta tashi shekara bayan shekara saboda ciko da shara, har tsakar gida ta koma ƙasa da titi, dakalin da ke kare gindin bango ya nutse.

Sai maganar kududdufai, wadda ɗaliban labarin ƙasa suka fi zurfafawa a ciki. Garin nan a kan dutse yake zaune, kowa yana ganin duwatsun da ke leƙowa tsakanin gidajen Birni. Ruwan sama in ya sauka ba ya samun inda zai nitse da sauri, gudu yake. Ramukan da kakanninmu suka ɗebi ƙasar gini su ne suka zama matattarar wannan ruwa, wato ramin da ya ba da gida shi ke kare gidan. Yau wasu an cike su an gina, wasu leda ta toshe hanyoyin da ke kai musu ruwa. Abin yana ba ni tausayi: ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke babban birnin ƙasa daga nan zuwa Yamai a 1926, har gobe muna bin ƴan garuwa, amma ɗan wanda ke sauka mana daga sama shi ke cin gindin gidajenmu.

A zaman da muka yi ranar Asabar wani ɗalibi ya kawo shawarar mu auna tsohon masallacin Birni kafin ruwa ya sauka. Na ce a'a. Hujjata ita ce masallaci idon kowa yana kansa, gidajen talakawa kuwa babu mai lura da faɗuwarsu, don haka su za mu fara ceta a takarda. Mun sa masallacin a watan Nuwamba.

24 ga Yuni, 2024

Labari mai daɗi. Ɗalibai uku sun kare kundayensu na kammala karatu a kan wannan aiki, duka sun ci. Ɗaya daga cikinsu, ƴar rukunin Zango, ta yi nata a kan daɓe: yadda mata ke taruwa su daɓe tsakar ɗakin amarya da madaɓi, suna yayyafa ruwan makuba, suna waƙa. Da ba don ɗalibai mata sun shiga cikin gidaje ba, da wannan rabin ginin bai shigo takardunmu ba sam, domin Baba da kansa ya ce iyakarsa bango da rufi.

Tsofaffi mata biyar da ta yi hira da su sun zo zauren taro, karo na farko da suka taka cikin jami'a. Bayan ta gama bayani da Faransanci, alƙalan suka yarda ta maimaita da Hausa. Da ta gama sai ɗaya daga cikin tsofaffin ta ɗaga murya daga inda take zaune ta ce, "Ƴata, kin manta ba a daɓe da ƙasar da ba a tankaɗe ba." Yarinyar ta russuna ta ce, "Gaskiya ne, Inna, zan gyara." Shugaban alƙalan ya sa aka rubuta gyaran cikin waɗanda dole ta yi kafin ta miƙa kundin.

Ruwan farko ya sauka. Ɗaliban sun zaga gidajen da muka auna suna taya masu su share indararo.

3 ga Agusta, 2024

Ranar bishiya. Kowace shekara darbejiya muke shukawa a harabar jami'a, bana mun ware kusurwa ɗaya ga itatuwan gini: bagaruwa, ƴan ɗorawa da aka kawo mana daga wajen Matamai, da ƙwallayen giginya da Baba ya binne da hannunsa. Malamin aikin gona ya gargaɗe ni cewa ɗorawa ta fi son kudu inda ruwa ya fi yawa, sai an yi mata ban-ruwa da rani. Giginya kuwa wanda ya shuka ta ba shi ke tsaga azararta ba. Mun kewaye su da ƙaya saboda awaki.

Ruwa bana ya yi yawa ƙwarai. An fara kawo mana labarin katangu da suka faɗi.

4 ga Satumba, 2024

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Jiya Talata tsohon masallacin Birni ya rushe.

Da yawanku kun ga bidiyon a waya kafin ni. Na isa wurin da la'asar, na tarar da jama'a tsaye cirko-cirko, ba mai magana da ƙarfi. Ginin da ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19, wanda yake nan lokacin da Baturen Jamus Heinrich Barth ya sauka garin a ƙarshen 1852, yake nan lokacin da Faransawa suka shigo a 1899, ya zama tsibin jar ƙasa da azara na leƙowa ta ko'ina. Wani tsoho yana tsugune yana ɗibar ƙasar yana zubawa a aljihun rigarsa. Ban tambaye shi dalili ba.

Baba yana wurin. Na gaishe shi, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ya ce mahaifinsa ya taɓa sa shi ɗaukar kwaɓi a ka zuwa saman wannan masallaci, yana ɗan yaro, a shekarar da aka yi masa yaɓe na gayya.

Dole in faɗi abin da ya hana ni barci. A ranar 6 ga Mayu na rubuta da hannuna cewa mun ɗage awon masallacin zuwa Nuwamba. Ɗalibi ne ya kawo shawarar a yi shi kafin damina, ni na hana. Awonmu ba zai hana shi faɗuwa ba, na sani, igiyar awo ba ta tare ruwa. Amma da mun yi, da yau muna da kaurin kowane bango, da tazarar ginshiƙai, da yadda bakunan suka haɗu, a rubuce, mu miƙa wa duk wanda zai sake ɗaga shi. Na ɗauka sanannen abu yana da masu tsaronsa, ya fi ƙarfin a rasa shi. Na kira ɗalibin da daddare na ce masa shi ke da gaskiya. Ya ce, "Malam, ƙaddara ce." Na ce haka ne, amma shawarar tawa ce, kuma ina so abokansa su san haka.

27 ga Satumba, 2024

Mako uku ke nan ɗaliban ba su zauna ba, ko da yake hutu ake. Waɗanda ke cikin gari sun shiga aikin gayya a unguwanni: buɗe magudanan ruwa, cika buhuna da yashi, kwashe kayan waɗanda ɗakunansu suka tsage. Ƴan uwansu na fannin likita sun bi sansanonin da aka tsugunar da jama'a suna bayani a kan ruwan sha da gidan sauro. Ban umarci kowa ba, su suka shirya kansu ta waya.

Game da masallacin, wata ɗaliba ta kawo dabarar da ban yi tunani ba. Ta ce duk wanda aka ɗaura wa aure a wurin, ko ya yi sallar Juma'a ya ɗauki hoto, yana riƙe da wani yanki na ginin a wayarsa ko a akwatinsa. Muka roƙi limamai da masu unguwanni su yi sanarwa. Hotuna suka yi ta zuwa, har daga ƴan Damagaram mazauna Kano da Agadas da Yamai, wasu tsofaffi ne na takarda da suka yi ja. Muna ɗaukar kwafi mu mayar wa mai shi nasa a ranar. Baba kuma, da izinin masu kula da wurin, ya zaga gefen tushen ginin da ɗalibai biyu, yana nuna musu da sanda inda kowane bango ya tashi, suna aunawa. Dattawan da suka yi shekaru suna sallah a sahun gaba sun zauna da mu suna tuno inda kowannensu ke jingina. Ba zai kai awon da muka rasa ba, amma fasalin yana fitowa a hankali.

Cikin gidajen da muka auna, uku sun rasa bango, ɗaya ya rasa zaure gaba ɗaya. Wannan zauren muna da shi cikakke a takarda. Mai gidan ya zo da kansa ya nemi kwafi.

28 ga Oktoba, 2024

Yau makarantun ƙasar nan suka buɗe, bayan gwamnati ta ɗage komawa daga 2 ga wata saboda ambaliya, don azuzuwa da yawa sun lalace, wasu kuma jama'a ke zaune a ciki. Alƙaluman hukuma sun ce mutum fiye da 300 suka rasu a faɗin Nijar a wannan damina, waɗanda abin ya shafa sun haura miliyan ɗaya. Akwai ɗalibanmu da iyayensu ke cikin wannan lissafi. Duk wanda gidansu ya faɗi kuma yake tunanin ajiye karatu, ya zo ofishina kafin ya yanke shawara.

14 ga Disamba, 2024

Tun bayan ruwan nake jin magana ɗaya a bakin mutane: ginin ƙasa ya ƙare, kowa ya nemi bulo. Ba na ganin laifin mai faɗin haka, wanda ɗaki ya faɗo wa cikin dare ba a yi masa wa'azin tarihi. Sai dai buhun siminti ba kowa ke iya sayensa ba, kuma yawancin mutanen Birni cikin ƙasa za su ci gaba da kwana ko muna so ko ba ma so. Tambayar da ta rage mana ita ce yadda za a yi gidan ƙasa da ba ya kashe mai shi: tushe na dutse, wanda muke da shi a yalwace, dakali mai tsayi, indararo mai nisa da bango, yaɓe kowace shekara, da hanyar da ruwa zai bi ya fita daga lungu.

Don haka muka fara gina zaure guda a harabar jami'a, kusa da inda muka shuka giginya. Baba ne shugaban aikin, da magina uku da ya zaɓo. Ɗalibai ne leburori. Tubalin da suka mulmula tun farkon hunturu ya bushe, bango ya kai ƙirji.

An daɗe ana shawara a majalisar tsangaya a kan matsayin da za a ba Baba, tunda takardun biyan malamai duk suna tambayar digiri. Na tsaya a kan cewa ba za a rubuta shi a matsayin lebura ba, alhali shi ke koyarwa mu muna ɗauka. Abokan aikina sun goyi baya, aka samo hanyar da doka ta yarda da ita, ta gayyatar ƙwararre daga waje. Ranar da na kai masa takardar na karanta masa, ya sa aka kira babban ɗansa, wanda ya bar gini ya koma kabu-kabu, ya ce in sake karantawa a gabansa.

Wasu matasa biyar daga Birni, ba ɗalibanmu ba, sun roƙi a bar su su riƙa zuwa. Na gaya wa masu gadi su bar su su shiga.

20 ga Janairu, 2025

Gidajen da muka auna sun kai 26. Masu unguwanni sun ba mu jerin wasu 31, mun sake jera su, wanda ya fi tsagewa shi ne a gaba, ko na wane ne, ko sananne ne ko ba sananne ba. Fasalin masallacin da muka harhaɗa daga hotuna da bakin dattawa ya kusa kammala, za mu kai kwafi fada kafin azumi don a duba a gyara mana.

Aikin zauren ya tsaya daidai wajen haɗa baka. Sanyin bana ya kwantar da Baba kwana goma, magina ukun kuma suka ce ba za su haɗa bakan ba sai yana wurin. Jiya ya dawo, an kawo shi a bayan babur ɗin ɗansa, ya zauna a kujera cikin bargo yana nuni da sanda. Ɗan nasa bai koma bakin aikinsa ba, ya naɗe hannun riga ya hau kan bango.

Azara ce ta yanke mana. Wadda muka saya ba za ta kai rufi ba, ta kasuwa kuma ta yi tsada, yawancinta ma ɗanya ce. Baba ya ce tsohuwar azara ta fi sabuwa. Duk wanda ɗakinsa ya faɗi bana kuma ba zai sake rufi da ita ba, don Allah kada ya sa ta a murhu, ya sanar da mai unguwarsa, za mu zo da amalanke mu saya. Muna neman katsi ma, ko kwano ɗaya ne, daga duk wanda ya san marinar da ke aiki har yanzu.

Ranar Asabar 25 ga wata, da ƙarfe 8 na safe, za a haɗa bakan farko. Rukuni na uku da na huɗu su kawo kyamara, sauran su zo da kayan da za su shiga kwaɓi da su.